Ƙungiyar masu haɗa bargon ƙyalle a jihar Ohayo ta Amurka, ko zai yiwu a wajenmu?

Maman Iman, Ohayo: Assalamu alaikum matan gida barkanmu da warhaka. Anti Ladi ce ta tasa ni gaba tun jiya wai sai na yi bayanin hoton da na ɗora a sitatus, to gashi na sake turowa nan kowa ta gani. Ba zanin gado bane, bargo ne, kuma duk abinda kuke gani a jikinsa ƙananan ƙyallaye ne aka yayyanka aka harhaɗa, nan kwilt suke ce masa. Hawa uku ne, na sama shine haɗe-haɗen nan, tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya da ake saidawa a nannaɗe, sai babban ƙyalle ɗaya a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki su kama juna. Kuma kar ku fara yabona ba ni kaɗai na yi ba aikin ƙungiya ne, nawa a ciki layi biyun can na gefe masu atamfa.

Zee Tela: Wa alaikumussalam, kai masha Allah Anti wannan ai sai ɗakin amarya. Nawa ake saida irinsa?

Maman Iman, Ohayo: Zee ke dai komai kuɗi 😂 wannan ba na saidawa bane asibitin yara za a kai shi tare da wasu.

Anti Ladi: Ƙungiyar nake so ki yi mana bayani Maman Iman, ya kuke yi, su waye a ciki, wa ke biyan kuɗin kaya

Maman Iman, Ohayo: To Anti. Kusan duk wani gari mai ɗan girma a nan za ki samu irin ƙungiyar nan, tamu ta garinmu ce kawai ba wata babba ba, yawanci tsofaffin mata ne da suka yi ritaya, malaman makaranta, nas-nas, matan manoma, sai mu tsiraru masu ƙananan yara. Babban taro sau ɗaya ne a wata da yamma, kuɗin ƙungiya kuma sau ɗaya a shekara, namu dala 30 ne. Idan aka zauna sakatariya za ta karanta abinda aka tsayar wancan taron, ma'aji ta miƙe ta faɗi abinda ya shigo da abinda ya fita har kuɗin kofi, ta manna takardar a bango kowa ta je ta duba da idonta, sai a ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu, wani lokacin a gayyato mai koyarwa daga wani gari ta nuna wani salon ɗinki. Akwai tebur ɗaya a bakin ƙofa duk wadda ke da ragowar ƙyalle ko zare ko tsohuwar mujallar ɗinki da bata so sai ta ajiye, mai so ta ɗauka ba ko sisi. Sannan duk wata ana raba zane ɗaya kowa ta je gida ta ɗinko murabba'i ɗaya da kalolin da aka ce, in an tara sai ya zama bargo. Amma abinda kowa ke jira shine ƙarshen taro, lokacin nuni, kowa ta fito da abinda ta ɗinka mata biyu su kama mata gefe da gefe su ɗaga sama ita kuma ta tsaya ta bada labarinsa, ko ya karkace ko ya yi tattara sai an tafa mata.

Maman Iman, Ohayo: Wancan watan wata tsohuwa da hannunta har rawa yake ta kawo wanda ta haɗa da rigunan mijinta da ya rasu, irin masu layi-layin nan na zuwa aiki, ta bar aljihun riga ɗaya yadda yake da maɓallinsa bata cire ba, wai nan yake sa tabarau. Guda uku ta yi don 'ya'yansu uku. A bayan kowanne ta ɗinka ɗan farin ƙyalle ta rubuta sunanta da sunan mijin da shekara da garin, haka suke yi ma duk bargon da aka gama.

Mama Rahila, Jos: Ayya Allah sarki. Wannan ya taɓa ni gaskiya

Hajiya Babba: Sannunku da hira. 'Yar nan ni tambaya ɗaya ce da ni, ƙyallen nan ragowa ne ko sabon yadi ake saya a yayyanka? Don in sabo ne to ni ban ga hikimar a sayi yadi lafiyayye a sa masa almakashi a daddatsa sannan a dawo ana wahalar haɗa shi ba, wannan ai aikin ƙoshi ne

Zee Tela: Hajiya ta faɗi abinda ke raina 😂😂

Maman Iman, Ohayo: Hajiya ina wuni. Wallahi ba zan ɓoye miki ba yawancinsu sabo suke saya, akwai shaguna na wannan harkar kaɗai, ana yanka musu rubu'in yadi inci 18 da 22 a ninke shi a jera kala-kala, mace ta shiga da niyyar zare ta fito da leda cike. Wasu ɗaki guda ne a gidansu na yadi kawai wanda ko shekara ɗari za su yi ba za su ɗinke shi ba, in mace ta mutu 'ya'yanta su kwaso a kwalaye su kawo mana, da shi ma muke yawancin na sadakar. To ta nan kina da gaskiya akwai ƙoshi a ciki. Amma ba kowa ya fara da ƙoshi ba. Ku nemi Gee's Bend a intanet ku ga hotuna, wani ɗan ƙauye ne a jihar Alabama kogi ya zagaye shi ta gefe uku, baƙaƙen fata ne jikokin bayi har yau da yawansu sunan Pettway suke amsawa sunan wanda ya mallaki kakanninsu, matan wajen da tsofaffin wandunan gona da buhunan da aka gama amfani da su suke haɗawa saboda gidajensu na katako ne iska na shiga ba abin ɗumama ɗaki. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar Freedom Quilting Bee suna ɗinki suna saidawa, a 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a gidan tarihi na Houston daga nan aka kai New York, a 2006 har a kan sarkin wasiƙa na Amurka aka buga hotonsu. Abinda aka yi don kar yara su kwana da sanyi yanzu a bango ake rataye shi da fitila a kai.

Hajiya Babba: To wannan na gane. Mu ma da ai ba a yar da tsumma, zani in ya tsufa ya zama na goyo, in ya ƙara mutuwa a yi gammo ko a cusa a matashi

Binta Zariya: Salam, ina ta karantawa ina aji ban samu na yi magana ba. Ni abinda ya bani dariya ana ta mamaki kamar bamu san ɗinki hawa uku ba, to lifidi fa? Ku tuna dawakan 'yan lifidi ranar hawan sallah, wannan rigar mai kauri da ke rufe doki har ƙasa, ƙyalle ne sama ƙyalle ƙasa a cusa auduga ko audugar rimi a tsakiya a bi da ɗinki, kuma da yawa na saman haɗe-haɗe ne ja da ɗorawa da kore an yanka su kusurwa-kusurwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Kawai dai mu maza ne suka riƙe shi don kibiya, ba a mayar da shi kan gado ba

Maman Iman, Ohayo: Binta Allah ya biya ki wallahi ban taɓa haɗa su a raina ba, taro mai zuwa sai na kai musu hoton hawan daushe su gani, za su haukace

Zee Tela: Duk na ji tarihi amma a dawo maganar kuɗi dan Allah. Ni ina da shago da yara huɗu masu koyo, a ce na zauna sati uku ina haɗa ƙyalle ƙanana ƙanana, wa zai saya? Mace za ta shigo ta taya miki kuɗin bargon gwanjo ta ce ai ragowar kayan mutane ne, ga na fiba ɗin nan da ake yi da zanin gado sun cika gari kwana ɗaya an gama. Ga wuta babu. Ni dai ban ga riba ba

Maman Iman, Ohayo: Zee ko a nan ba ya biya. In kika lissafa yadi da auduga da awannin da kika zauna ba mai baki kuɗin, shi yasa yawanci kyauta ake yi, na haihuwa, na aure, na jika in zai tafi jami'a. Masu samun kuɗi a harkar sune masu shagon yadi da masu koyarwa da masu wani dogon keke da ke cin rabin ɗaki, shi ake ɗora hawa ukun a kai a bi da ɗinki, kuɗinsa dubban daloli ne, sai mace ɗaya ta saya sauran su riƙa kai mata tana caji inci-inci. Harkar dai babba ce, duk shekara ana babban baje koli a Houston, a garin Paducah na jihar Kentucky akwai gidan tarihi na barguna kaɗai tun 1991, nan Ohayo ma in kina tafiya ƙauyuka za ki ga an zana irin murabba'in bargo da fenti a jikin rumbunan manoma, wata Donna Sue Groves ce ta fara a gundumar Adams a 2001 don girmama mahaifiyarta yanzu ya bazu jihohi da yawa. Amma ƙungiya irin tamu ba don riba aka yi ta ba

Zee Tela: To in ba riba da me kuke biyan hayar waje da kuɗin mai koyarwa, dala 30 ɗin?

Maman Iman, Ohayo: Ba ta isa. Duk shekara ana haɗa babban bargo ɗaya mai kyau sosai kowa ta sa hannu, sai a buga tikiti a saida dala ɗaya-ɗaya, ranar baje kolinmu a zaro ɗaya wanda sunansa ya fito ya ɗauka

Malama Ummu Khalil: Assalamu alaikum. Maman Iman ki yi haƙuri zan tsoma baki a nan, wannan da kika faɗa na ƙarshe a iya abinda na karanta caca ce, mutum ya bada kuɗi don ya samu abu ko ya rasa ta hanyar sa'a, kyawun niyyar da za a kashe kuɗin ba ya canza hukuncin. Sauran duka alheri ne amma wannan ki nisance shi

Maman Iman, Ohayo: Malama na gode, ni bana sayen tikitin kuma bana saidawa, tun farko na gaya musu, in lokacin ya zo kuɗi nake bayarwa kai tsaye a sa a asusu. Basu ce komai ba, akwai ma wata kirista a cikinmu da ita ma cocinsu basa yarda da shi

Malama Ummu Khalil: Masha Allah. Ɗinka shi bargon fa kina sa hannu?

Maman Iman, Ohayo: Murabba'i ɗaya kowa ke kawowa, na kan kai nawa

Malama Ummu Khalil: To nan ne nake da ja, tunda kin san inda za shi. Amma ki tambayi limaminku na can shi ya fi sanin yanayinku

Fati Gwammaja: Ni fa ba ma wannan ba, ina ake taron? Don ƙanwar mijina tana Amurka ta ce irin waɗannan abubuwan duk a coci ake yi

Maman Iman, Ohayo: Eh zauren ƙasa na wata coci muke haya don shi ya fi araha, ƙofarsa ma daban ce ta baya, ba addu'a ba wa'azi tebura ne da kujeru da wajen jona keke. Ƙananan zaman ɗinki kuma a laburare ko gidan wata

Fati Gwammaja: Hmm ni dai ba da ni ba gaskiya, a hankali ake jan mutum

Mama Rahila, Jos: Fati wa zai ja ta da allura da zare? Ni shekara nawa ina zuwa suna da walima gidajenku har cikin islamiyya na shiga bikin saukar 'yar maƙwabciyata ba wanda ya ja ni. A riƙa tauna magana dan Allah muna nan a guruf ɗin

Fati Gwammaja: Mama ba da ke nake ba

Anti Ladi: Ya isa haka dan Allah, dokar guruf tana nan ba gardamar addini. Malama ta faɗi nata Fati ta faɗi nata a wuce

Maman Iman, Ohayo: Bari in ƙara ɗaya kawai Anti in yi shiru. Lokacin zafi magariba a tsakiyar taro take riskata, akwai ɗan ɗakin da suke tara kujeru nan nake sallah, yanzu in na makara wata tsohuwa ce ke taɓa ni ta nuna min agogo. In an yi ciye-ciye kuma suna rubutawa a jikin kwano in da naman alade. Ba wai na ce mala'iku bane, akwai wadda har yau in ta gan ni sai ta tambaye ni ko da zaki a garinmu, akwai gulma kamar ko'ina, akwai tsohuwar rigima tsakanin masu ɗinkin hannu da ke ganin na keke ba ɗinki bane, su kuma matasa suna ganin tsofaffin sun cika doka, har wata ƙungiyar zamani aka kafa a Los Angeles a 2009 mai rassa a garuruwa saboda irin haka, baƙaƙen fata ma a wasu biranen nasu ƙungiyoyin suke da su daban. Amma ku baku san hunturun nan ba, ƙarfe biyar duhu ya yi, ƙanƙara ta rufe ƙofa, maigida na aiki yara na makaranta sai ki yi sati ba wanda ya ƙwanƙwasa miki ƙofa ko da sallama. Da aka yi min aiki na kwanta, takarda suka zagaya da ita kowa ta rubuta ranar da za ta kawo abinci, wata bata san me muke ci ba ta dafo shinkafa fara da kifi ta haɗo da kwalbar barkono wai ta ji 'yan Najeriya na son yaji

Hajiya Babba: Allah ya saka musu. Amma 'yar nan kin ga abinda nake faɗa, su sai sun kafa ƙungiya da takarda kafin a kai wa mara lafiya abinci, mu nan ko tari kika yi da dare da safe maƙwabta sun cika gida. Abinda suka rasa suke nema, mu muna da shi

Binta Zariya: Hajiya a cikin gari ne wannan. Ki je sabbin unguwannin nan masu dogayen katanga da get, yayata a Abuja ta haihu maƙwabciyarta bata sani ba sai da ta ga rago. Kuma mu zumuncin namu duk na biki ne da rasuwa, yaushe rabon da mata su zauna su yi wani aiki tare wanda ba girkin biki ba? Da akwai gayya, a taru a yi wa wannan yau gobe a yi wa waccan, ni abinda Maman Iman ke faɗa gayya na gani da keken ɗinki

Mama Rahila, Jos: Mu a zumuntar mata muna ɗan yi, saƙa da sabulu da su man shafawa, amma bargo bamu taɓa ba kuma mu ne ma ke da sanyin, watan Disamba da Janairu a Jos ba wasa, ka je asibiti ɓangaren haihuwa ka ga jariri a naɗe da ɗankwali. Maganar tikiti kuma ba dole bane, mu in muna neman kuɗi a gaban kowa ake ɗaga abu a yi ta tayi wadda ta fi ta ɗauka

Malama Ummu Khalil: Wannan kam ciniki ne ba matsala

Anti Ladi: To ni yanzu tambayata in za a yi a nan me zai hana ta mutu kamar sauran, don ni ƙungiya nawa na shiga, ana farawa da zafi wata uku an fitar da anko, wata shida shugaba ta ranci kuɗin asusu za ta mayar bayan biki, shekara ɗaya an daina gaisawa

Maman Iman, Ohayo: Anti Ladi wannan ce tambayar, kuma ni in za a ɗauki abu ɗaya daga wajen matan nan ba bargon bane don ɗinki kam kun fi su, wallahi Zee da ido take yanka abinda su sai sun auna sau uku. Tsarin ne. Tamu ta girmi wasu 'yan guruf ɗin nan kuma ba don suna son juna bane sosai. Shugaba shekara biyu take yi ta sauka ko tana da kirki ko bata da shi, ba wadda ake cewa uwar ƙungiya har abada. Kuɗi a banki yake da sunan ƙungiya, in za a fitar da mai yawa sai mutum biyu sun sa hannu, ƙarshen shekara a ɗauko mata biyu da basa cikin shugabanni su bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Ba rance ko na sisi. Ba a tara wa kowa gudummawar biki daga asusu, in kina so ki yi da aljihunki. Kuma kowa da ɗan aikinta, wata littattafan aro take riƙewa, wata ita ke kai barguna asibiti da gidan tsofaffi, wata aikinta kawai ta aika kati in an yi rashin lafiya ko rasuwa, to kin ga mace in ta san ita ke riƙe da makullin akwati ba za ta ƙi zuwa ba. Lokacin korona a 2020 da aka hana taro takunkumi suka koma ɗinkawa kowa a gidanta ana ajiyewa a bakin ƙofa wata ta bi ta kwashe

Hajiya Babba: Shugaba ta sauka bayan shekara biyu? A nan? Ai sai ta ce an ci mutuncinta ta fita da mutanenta su kafa tasu 😂

Zee Tela: Kuma a ce ba anko Hajiya, rabin mata sun gudu

Binta Zariya: Su gudu ɗin, mutum shida masu zuwa sun fi sittin masu anko. Ni ragowar ankon ma nake hange, kowace a cikinmu tana da atamfofin biki a akwati da ta sa sau ɗaya ba za ta ƙara ba

Rabi Maraɗi: Salamu alaikum, ni sabuwa ce nan ina ta saurare. Anti Maman Iman in mutum na so ya gwada shi ɗaya tukuna ƙaƙa za ya fara, keke na mai ƙafa ne kuma nan ba mu da wannan audugar da kika ce

Maman Iman, Ohayo: Rabi sannu da zuwa, keke mai ƙafa ya isa sarai, matan Amish na nan jihar, wata al'umma ce ta kiristoci masu gudun kayan zamani, basa jona wutar gwamnati a gidajensu da irinsa suke haɗawa sannan su bi da hannu kuma nasu ake rububi. Ki fara da na jariri. Ki yanka kwali mai kauri inci 5 ta kowane gefe ya zama ma'auninki, ki yanka ƙyalle 80 da shi, ki jera 8 a kwance 10 a tsaye a ƙasa ki yi ta canza musu wuri har kalar ta kwanta miki, ki cakuɗa masu duhu da masu haske kar su taru gefe ɗaya. Bakin ɗinki rubu'in inci ne kuma wannan shine duk sirrin, in wani ya yi faɗi wani ya yi siriri kusurwoyin ba za su haɗu ba, ki manna salatif a jikin keken daidai rubu'in inci daga allura ki riƙa bi. Kowane ƙyalle zai koma 4 da rabi, in kin gama za ki samu inci 36 da 45. Ki haɗa layi-layi tukuna, ki goge bakin ɗinkin layin farko ya kwanta dama na biyu hagu, haka in kin zo haɗa su za su shige juna ba tudu. Nan suna da wata wuƙa mai taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979 tana yanka hawa da yawa lokaci ɗaya, amma almakashi mai kaifi ya wadatar

Rabi Maraɗi: Na gode ƙwarai, na cikin fa?

Maman Iman, Ohayo: Kar ki cusa ɗanyar auduga, wanki ɗaya za ta dunƙule gefe sai dai in za ki bi ta da ɗinki kusa da kusa sosai. Ki samu tsohon zanin gado mai laushi ko yadin filanel ki sa a tsakiya, da zafinku ma ya fi. Ki shimfiɗa ukun a ƙasa ki kama su da fil mai makulli daga tsakiya zuwa gefe, in keken ya ƙi jan kaurin ki ɗauki zare mai kauri da babbar allura ki riƙa ɗaure ƙulli a kowace kusurwa, shi ma salo ne da ake yi. Sai ki yanka dogon ƙyalle inci 2 da rabi ki ninka biyu ki kalmashe bakin duka

Zee Tela: Ku wanke ƙyallen kafin ku yanka fa, atamfa in ta sha ruwa tana shiga kuma ba duka suke shiga daidai ba, rinanniyar shadda kuwa sai ta ɓata miki farin da ke kusa da ita. Kuma kar a haɗa leshi ko yadi mai santsi da atamfa, auduga da auduga kawai

Binta Zariya: Ji mai cewa ba riba ta fara koyarwa 😂

Zee Tela: Ni dai ban ce zan ɗinka ba. Amma ina da buhu biyu na ƙyalle a bayan shago masu filo ke zuwa su kwasa a banza, in kuna so in sa yara su ware na atamfa masu ɗan girma

Mama Rahila, Jos: Zee ina so. Zan yi wa matanmu magana ranar Alhamis, in mun samu ko mutum biyar ne mu fara da na jarirai kafin sanyi ya shigo. Fati ke ma in kin zo Jos ƙofa a buɗe take, a falona za a yi ba a coci ba

Fati Gwammaja: Mama kin riƙe ni kenan 🙈 Allah ya huci zuciyarki, zan aiko da atamfa biyu

Hajiya Babba: Akwai keken Butterfly ɗina tun na aure yana nan a ɗaki ba mai taɓawa, in 'yan Kano za ku yi ku zo ku ɗauka a sa masa mai. Amma kar wadda ta ce in riƙe kuɗi, kuma ni zama bana iyawa saboda ƙafa

Anti Ladi: To masu so su rubuta suna da gari a ƙasa in ga ko za a buɗe wani guruf ɗin daban kar mu cika wa mutane waya. Maman Iman ki turo mana dokokin ƙungiyar taku ko hoto ne Binta ta juya mana su

Maman Iman, Ohayo: Shafi shida ne fa Anti, zan ɗauka in na dawo daga ɗauko yara

Zee Tela: Mama Rahila buhun in na kai tasha wa zai biya kuɗin mota, don direbobin Jos yanzu basa ɗaukar saƙo a banza

Mama Rahila, Jos: Ki bashi lambata ni zan biya in ya iso, ki dai ɗaure bakin da kyau ki rubuta sunana a jiki